Yadda aiki zai ci gaba a uwar garke ko da intanet ta yanke

Tambaya: Malam, ina shiga wata uwar garke (server) mai Ubuntu, wani nau'in Linux, ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, don kwafar rumbun bayanai, aikin kuma yana cin awanni. Da zarar sabis ya ɗauke ko cajin kwamfutata ya ƙare, sai in tarar komai ya tsaya a tsakiya. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, duk umarnin da ka kunna bayan ka shiga ta SSH a rataye yake a wuyan wannan zaman naka. Idan layin ya katse, Linux na tura wa zaman wani saƙo mai suna SIGHUP, shi kuma ya miƙa wa ayyukan da ke ƙarƙashinsa, galibinsu kuwa da sun karɓa sai su mutu. Saƙon tsohon gado ne tun zamanin da ake haɗa kwamfutoci ta layin tarho.

Shawarata ita ce ka rungumi tmux, wata manhaja mai riƙe zaman aiki ko ka fita, wadda Nicholas Marriott ya fara fitarwa a 2007. Girka shi da sudo apt install tmux. Kafin ka taɓa aikin, rubuta tmux new -s kwafi (kwafi shi ne sunan da ka ba zaman), sannan ka kunna umarninka a cikin tagar da ta buɗe. Yanzu tmux ne ke riƙe da aikin can cikin uwar garken, kai ɗan kallo ne kawai. In za ka fita da kanka, danna Ctrl da b tare, ka saki, ka danna d. In kuma sabis ne ya yanke maka, babu abin da zai samu aikin. Ka dawo ka rubuta tmux attach -t kwafi, za ka tarar da shi yana tafiya, har da abin da ya rubuta a allo bayan tafiyarka. In ka manta sunan, tmux ls zai nuna maka. Wannan damar ta komawa ka ga inda aka kwana, ko ka amsa wata tambaya da aikin ya tsaya yana jira, ita ce ta sa na fi son shi.

Akwai GNU Screen, wanda ya girme shi, don tun 1987 ya fito, aikinsu kusan ɗaya ne. Akwai kuma nohup: ka sa shi a farkon umarnin, ka ƙara & a ƙarshe, sai aikin ya yi kunnen uwar shegu da SIGHUP, sakamakonsa ya zuba cikin nohup.out. Yana biyan buƙata, amma ba za ka iya komawa cikin aikin ba.

To, in ka riga ka kunna aikin kafin ka tuna fa? Danna Ctrl da z, rubuta bg, sannan disown. Sau da yawa hakan na ceto shi.

Sai dai ka sani, idan aka sake kunna uwar garken kanta, tmux ma zai tafi da duk abin da ke cikinsa. Aikin da kake so ya riƙa tashi da kansa kullum, kamar manhajar da jama'a ke amfani da ita, wannan sai ka miƙa shi ga systemd, wato tsarin da ke tayar da ayyuka idan Ubuntu ta kunnu.