Mutunci daban, daraja daban: amsoshin tambayoyinku

Wata 'yar'uwa ta aiko da doguwar tambaya, na taƙaita ta haka: "Malam, ni Kirista ce, mijina ya rasu, aiki ya ƙare, mutanen da suke gaishe ni da durƙuso yanzu ko kallo ban ishe su ba. Wata ta ce min mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Nawa ya zube ke nan?"

'Yar'uwa Allah ya ba ki haƙurin rashi. Amma wadda ta gaya miki wannan magana ta ɗauko karin magana ta ajiye shi inda ba wurinsa ba, kuma wannan abu yana damuna wallahi, mutane su haddace karin magana su riƙa jifan bayin Allah da shi ba su tsaya sun duba me yake nufi ba. Ana yin wannan karin magana ne a ja kunnen wanda yake shirin aikata abin kunya da hannunsa, shi ya sa muke cewa wane ya zubar da mutuncinsa, shi ya zubar, ba zubewa ya yi don kansa ba. Takaba ba abin kunya ba ce, rashin aiki ma haka.

Abin da ya ragu a wurinki a idon mutane sunansa daraja. Kalmar aro ce daga Larabci, asalinta matakala, hawa-hawa, don haka ake ƙara wa mutum daraja a kuma rage masa, martaba ma 'yar gidansu ce, matsayi take nufi. Mutunci kuwa namu ne na gida, daga mutum aka ciro shi aka liƙa masa -ci, kamar zumu da zumunci, jahili da jahilci, sai m ɗin ta koma n saboda sauƙin faɗa. Wato kasancewa mutum. To wa ya ba ki wannan? Farawa 1:27 ta ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da mace, a lokacin babu ofis babu albashi babu ma wanda zai yi gaisuwar durƙuson. Na san za a ce ai Bahaushe yana cewa an ci mutuncin wane, gaskiya ne, amma ki lura wanda ya yi cin shi muke kira marar mutunci, ba wanda aka ci wa ba. Harshen da kansa ya yanke hukunci. Yesu ma an tofa masa yawu, an mare shi, an yi masa rawanin ƙaya don ba'a, kuma ban taɓa jin mai bi ya ce mutuncinsa ya zube a ranar ba.

Na ga 'yan zamani suna rubuta "darajar kai" ko "ƙimar kai" a Facebook, ana gane nufinsu, amma a kunnena fassara ce ɗanya. Iyayenmu cewa suke yi mutum ya san mutuncin kansa, ko ya san ciwon kansa.

Wani ya tambaya: "Baiwar Allah, kyauta ake nufi ko mace?"

Duka biyun, rubutu ɗaya ne, karin sauti ya raba su. Wadda Maryamu ta kira kanta da ita a Luka 1:38 ita ce macen bawa.

Wani matashi ya ce ya karanta maganar gwara a Matiyu da Luka, lissafin bai zo masa daidai ba, ko kuskuren masu fassara ne?

Ɗana ba kuskure ba ne, sake ƙirgawa. Matiyu 10:29 ta ce gwara biyu a kan ɗan kuɗi ɗaya, Luka 12:6 ta ce biyar a kan biyu. In biyu ɗaya ne, kuɗi biyu ya kamata su ba ka huɗu, ta biyar ɗin fa? Gyara ce, wadda mai sayarwa yake ɗora maka a kai ba ka biya ba. Kuma Luka ya ce ko ɗayarsu Allah bai manta da ita ba, har da gyarar ke nan, sannan aya ta 7 ta ce gashin kanku ma a ƙirge yake. Ka kula da alƙalaminka dai, gwara da gyara harafi ɗaya ya raba su.

Sai tambayar da ta fi yawa a wannan karon: "Haƙuri maganin zaman duniya, ana nufin Kirista ya yi shiru komai aka yi masa?"

A nan zan ɗan daɗe, don an wahalar da kalmar haƙuri a bakin mutane. An mare ka, yi haƙuri. An danne maka haƙƙi, yi haƙuri. Har ta kai wanda ya yi laifin ma shi ne yake ba ka umarnin haƙurin, ba roƙo ba. Kowa yana cewa haƙurin Ayuba, Yakubu 5:11 ma ta ambace shi, amma mutum nawa ne suka zauna suka karanta surori 42 ɗin nan? Mutumin da ya rasa 'ya'ya goma da dukiya da lafiya, ya zauna cikin toka yana sosa jikinsa da tsingaro, abokansa uku suka zo suka yi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma ni a ganina nan ne kaɗai suka kyauta, don da suka buɗe baki sai suka shiga neman laifin da ya jawo masa. Ayuba bai yi shiru ba sam, a sura ta 3 har ranar haihuwarsa ya la'anta, ya yi gardama, ya nemi a saurare shi. Abin da bai yi ba shi ne sakin Allah, kuma bai yarda ya karɓi sunan mugu da abokan suke son laƙaba masa ba. A sura ta 42 abokan ne aka tsawata wa, shi aka ce ya yi musu addu'a.

Shi ya sa na fi son kalmar jimiri a irin wannan wuri. Haƙuri yana iya zama danne zuciya kawai, jimiri kuwa akwai tsayuwa a cikinsa, mutum yana shan wuya amma bai fasa abin da ya sa gaba ba, kuma shi ne zancen Romawa 5:3-4, wahala ta haifi jimiri, jimiri ya haifi hali, hali ya haifi bege. Mahaƙurci mawadaci gaskiya ne, amma ba a ce mahaƙurci bebe ba.

"Mutum tara yake bai cika goma ba, wannan bai saɓa wa cewa muna da mutunci ba?"

Bai saɓa ba. Tara ɗin ma mutum aka kira shi. Bulus ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa har sau uku, amsar da ya samu a 2 Korintiyawa 12:9 ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi.

Wanda ya tambaya ko Yahaya ne daidai ko Yohanna: suna ɗaya ne, fassara ce ta bambanta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya ja ragamarsa, daga baya aka yi wasu fassarori, wata ta ɗauki wannan suna wata ta ɗauki wancan. Yi amfani da wanda ikilisiyarku ta saba, kawai kada ka gauraya su a rubutu ɗaya.