Dila ɗaya ko biyu wajen sayen ƙwayar roba?

Malam, ka tambaya ko ka ci gaba da sayen ƙwayar roba, wadda ake narkawa a buga kayan roba, wurin dilanka ɗaya na ƙasar Sin tunda kayansa sun fi araha, ko ka raba oda. Ka raba. Bar masa kaso mafi tsoka, amma ka riƙa ɗaukar wani abu a gida, misali daga kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, ko da ta ɗan fi tsada. In kujeru da kwandon shara kake bugawa, haɗa da masu niƙa tsohuwar roba nan Kano, sai dai ka je da ƙafarka ka ga yadda suke wanke ta.

A Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700. Dilanmu ya ce sai mun cika kuɗi, kwantena kuma na zaune a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, injinanmu a Sharaɗa suka yi shiru. Muka garzaya wurin na gida, ashe tsofaffin kwastomominsa yake fara sallama. Don haka ka soma ciniki da na biyun tun yanzu, ko tan biyu ne a wata.