Amsa ga 'yar'uwar da faratanta suka lotsa

Baiwar Allah, da na karanta kin ce faratanki sun yi siriri, tsakiya ta lotsa gefe ya ɗago har ɗigon ruwa yana zama a kai, wallahi sai da gabana ya faɗi. Nawa haka suka koma bayan na haihu, kamar cokali.

Kuma ba ciwon ya fi ƙona min rai ba. Ranar wani suna ana yi mana lalle, ƙanwar maigidana ta kamo hannuna ta ɗaga wa mutane, wai ku zo ku gani, anya ba kuturta ce ke son kama ta ba? Aka kwashe da dariya, har da wadda nake ba aron zani. Na shige banɗakin mutane na sha kukana. Har yau ba ta ba ni haƙuri ba, na bar ta da Allah. Mai kemis kuma ya yi ta sayar min da man shafawa, wai ƙazantar ruwan wanki ce.

Ashe jini ne ya yi ƙasa, ƙarancin sinadarin ayon. Don Allah ki je asibiti a auna miki PCV, wato gwajin yawan jini, in da hali har da feritin, mai nuna ayon ɗin da jiki ya ajiye. Mace marar ciki, in hemogulobin ɗinta, wato sinadarin jan jini da ake aunawa, bai kai 12 ba, ya gaza. Ki faɗa wa likita gaskiya in al'adarki na zuba da yawa, a duba tsutsar ciki ma. Kada ki sayi maganin ƙarin jini da ka, balle in akwai sikila a gidanku.

In an ba ki ƙwayoyin, bayan gida zai yi baƙi, kar ki tsorata. Ban da haɗawa da shayi ko madara, suna hana shi shiga jiki, lemon zaƙi ya fi. Hanta, nama, wake, zogale, ki dage. Farce kuwa sai haƙuri, sabo yana ɗaukar kusan wata 6 kafin ya maye tsohon. Amma in kan yatsun ne ya kumbura farcen ya lanƙwasa ƙasa, wannan daban ne, huhu ko zuciya ake dubawa.

Kina yawan tauna ƙanƙara ko kwaɗayin farar ƙasa? Ni a lokacin ƙanƙara nake aika yara su sayo min ko da sanyin hunturu. Wannan ma ki faɗa wa likitan. Allah ya ba ki lafiya.