Muryar da anka rubuta: amsar tambayar Malam Bello kan fankar kwamfuta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam Bello, na ji saƙonka. Kac ce fankar kwamfutar teburinka tana ta kuwwa tun daga kunnawa har kashewa, kana so ta riƙa ƙara gudu da kanta in injin ya ɗau zafi, ta lafa in ya huce. Ana yi, kuma galibi ba sai ka sayi komi ba.

Kashe kwamfutar tukuna, ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe. Bi wayar fankar da yatsa har inda tat tsaya. In kanta mai rami huɗu ne, ka yi sa'a, ita aka ce ma PWM, waya ta huɗun ita ke kawo mata umurni daga madabod, babban allon da komi ke jone bisanai. In rami uku ne, ita ma tana saituwa, amma ta hanyar rage mata wuta ƙasa da bolt 12 ɗinta, don haka dole ka zaɓa mata DC cikin saiti. In kab bar ta bisa PWM, a ƙure za ta yi ta gudu. In kuwa kai tsaye anka jona ta ga fawa sufulai, akwatin da ke raba wuta cikin kwamfuta, da babban soket ɗin nan, to babu manhajar da za ta taɓa ta, sai an maida ita wurin da anka rubuta CPU_FAN ko SYS_FAN bisa madabod.

Sai ka kunna, ka yi ta danna Delete ko F2 har ka shiga BIOS, shafin saitin madabod. Wurin saitin fanka, ASUS suna ce mashi Q-Fan, Gigabyte Smart Fan, MSI kuma yana cikin Hardware Monitor. Za ka ga zane da ɗige-ɗige, gefe guda zafi, gefe guda gudun fanka.

To, nan nika son ka saurara da kyau. Kar ka kwafi lambobin da kaka gani a bidiyon YouTube. Mai bidiyon yana zaune ɗakin da bai wuce digiri 22 ba. Mu nan Sakkwato, Afrilu da Mayu, rana tana haura 40, balle shagon kwano da babu silin. Fanka kuwa ba firij ba ce, iskar ɗakin take turawa, ba ta iya sauke zafin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙasa da zafin ɗakin. Ka ga kwamfuta tana zaune ba ta aikin komi tana nuna 50, lokacin bazara wanga ba ciwo ba ne. In kas sa ta fara hauka daga 40, ai kullum cikin hauka take.

Ni ga yadda nika sa ma na shago: har zuwa digiri 50, gudun fanka kashi 40 cikin 100. A 65, kashi 60. Da ta kai 80, a sake mata linzami duka. Furosesa da kanta tana rage ƙarfi wajen 95 zuwa 100 don kar ta ƙone, lokacin ne za ka ga komi ya yi nauyi, kwastoma na tsaye kana jiran shafi ya buɗe. Bai kamata a kai can ba.

Akwai wani ɗan saiti, Step Up da Step Down, lokacin da fanka ke jira kafin ta canza gudu. Ƙara mashi daƙiƙa biyu ko uku, in ba haka ba ko burauza kab buɗe za ka ji ta yi wuu ta sauka, wuu ta sauka. Wanda ke tsayar da fanka gaba ɗaya kuma, Fan Stop, bar shi ga mutanen ƙasar sanyi.

Af, ƙura. Bayan hunturu duba tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar, za ka tarar ta toshe su. Hura da bulowa, amma ka dafe fukafukan da yatsa kar su yi ta juyawa.

Mai son yi daga cikin Windows, akwai manhajar Fan Control, kyauta ce. SpeedFan ta tsufa. Ɗalibanmu na Danfodiyo masu Linux, lm-sensors da pwmconfig. Su HP da Dell na ofis da muke saye na hannu, yawanci BIOS ɗinsu ba ya ba ka wanga zane, laftof ma haka, ita ke yi ma kanta.

Malam Bello, ɗauko man hoton kan wayar da sunan da ke rubuce bisa madabod, ka turo nan gurup in gani.