Tambaya da Amsa: Dalar da nake samu a intanet, ita ma akwai haraji a kanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni matashi ne a Zariya, zane nake yi a kwamfuta, su logo da fosta da katin biki, wasu kwastomomina 'yan gida ne wasu kuma Turawa ne da nake samu a Upwork, wani shafin neman aiki a intanet, suna biyana da dala. Ban taɓa aikin albashi ba balle a cire min wani abu, yanzu kuma abokai sai tsorata ni suke yi wai banki zai fara yankar kuɗi daga akawun ɗin mutum. Dan Allah ni ma haraji ya hau kaina? In ya hau wa zan ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Eh ya hau kanka, tunda a Najeriya kake zaune to duk inda kuɗin aikinka ya fito, ko Sabon Gari ko Amurka, lissafinsu ɗaya. Amma maganar banki ka kwantar da hankalinka, dokar ba ta ce a riƙa yankar haraji a duk kuɗin da ya faɗo akawun ba, naira 50 ɗin nan da ake cirewa a tiransifa na 10,000 zuwa sama wani abu ne daban. Kai ne da kanka za ka bayyana abin da ka samu a shekara, kuma ba Abuja za ka kai ba, hukumar harajin jihar da kake zaune za ka je, wato KADIRS tunda kai ɗan Kaduna ne. NIN ɗinka ake amfani da ita a matsayin lambar haraji.

Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta ce naira 800,000 na farko babu ko sisi a kai, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har 25.

Toh ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne matasa ke cutar kansu. Ba a kan duk abin da ya shigo ake lissafi ba, sai ka cire abin da ka kashe saboda aikin tukuna, data, man janareta, gyaran laptop, kason da Upwork ke ɗauka. A ce ka samu miliyan 4, ka kashe 600,000, kana biyan hayar gida 500,000, ana rage maka kashi 20 na hayar wato 100,000, saura miliyan 3.3 kenan. Cire 800,000, sai 330,000 a kan miliyan 2.2, sai 54,000 a kan ragowar 300,000, duka 384,000. Amma in ba ka da rasit ba ka da rubutu, da wane baki za ka ce ka kashe 600,000 ɗin? Wallahi littafin 40 leaves ma ya isa, duk aikin da aka biya ka rubuta rana da adadin dala da abin da ta kama a naira a farashin gwamnati na ranar, rasit kuma ka ɗauke shi hoto tun bai goge a aljihu ba. Kyautar da yayanka ya turo maka ba kuɗin aiki ba ce, kar ka haɗa su.

In kamfani ya biya ka ya riƙe kashi 5 da sunan haraji, ka dage sai sun ba ka takardar shaida, za a rage maka shi a naka lissafin.

Ana kai bayanin shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris ta shige, in ka makara tarar wata na farko 100,000 ce, kowane wata bayansa 50,000, shi ya sa ina roƙonka duk dalar da ka canza ka ware kashi 10 a wani akawun daban tun yanzu, kar Maris ta same ka hannu wayam.