Amsa kan man da ya kamata a zuba wa kwamfiresan AC

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kwamfiresan AC na Corolla ɗinka ya ƙame, ka sayo wani ɗan Beljiyam a Sabon Gari, kuma bakanikenka ya ce duk man da aka zuba zai yi. Don Allah kada ka yarda da wannan maganar, domin ita ce ta jawo mini asarar kwamfiresa shekarun baya. Na bari aka zuba mini man firiji, ko wata biyu ba a yi ba ya sake ƙamewa ana tsakiyar zafin Afrilu, ina cikin cunkoson Kwangila da iyalina a mota.

Man AC ba ya zama wuri ɗaya kamar baƙin man inji. Gas ɗin ne yake kwasarsa ya zaga da shi cikin fayif-fayif ya dawo da shi kwamfiresa, don haka dole ne su zama masu haɗuwa da juna. Tsofaffin motoci masu gas ɗin R12 su ne ke amfani da man ma'adinai, amma tun wajen 1994 aka koma R134a, wanda ba ya gauraya da irin wancan man, sai ya bar kwamfiresa yana juyawa a bushe. Man R134a shi ne PAG, wani man da ake haɗawa da sinadarai, kuma kaurinsa iri uku ne a kasuwa: 46, 100 da 150. Wanda ya ƙera kwamfiresan ne ke faɗin kaurin, ba sunan motar ba. Yawancin Toyota kwamfiresan kamfanin Denso ne a jikinsu, mansu kuma ND-8, wato PAG 46. Duk da haka ka duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet da ta jikin kwamfiresan da ka sayo kafin ka biya kuɗin mai. Masu motoci irin Prius kuwa su kiyaye sosai, kwamfiresansu na lantarki ne, ND-11 kaɗai ake zuba masa, PAG yana iya lalata shi.

Inda aka fi yin kuskure a garejojinmu shi ne awo. Ka tsaya da kanka a juye man da ke cikin ɗan Beljiyam ɗin gaba ɗaya, tunda ba wanda ya san tsawon zaman da ya yi a buɗe, PAG kuma yana shan laima da sauri ƙwarai. Saboda haka ma kada ka karɓi kwalbar da aka riga aka fasa. A auna sabon man da sirinji gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, domin idan ya yi yawa sanyi zai ragu, idan ya yi kaɗan kuma ƙarfe zai ci ƙarfe.

Tunda naka ƙamewa ya yi, akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikin layin. A wanke fayif-fayif, a canza diraya, wato abin da ke tsotse laima a cikin layin, in da hali a canza kwandensa ma, wato wadda ke fitar da zafin gas a gaban mota, domin ramukanta ƙanana ne, ba sa wankuwa sosai. Bayan an zuba man a juya bakin kwamfiresan da hannu kamar sau 10, sannan a sa injin zuƙe iska na aƙalla minti 30 kafin a cika gas. Idan bakanikenka ba shi da wannan injin, ka nemi wanda yake da shi, ko da zai fi tsada.