Injin wanki yana gurnani amma ba ya juyawa: gyara ko sabo?

Hajiya, kin ce injin wankinki mai baho biyu yana gurnani amma ba ya juyawa, har kina tunanin sayen sabo. Kada ki yi gaggawa tukuna.

Fara da wuta. Injin yana son wuta mai ƙarfin volt 220, a Zariya kuwa wuta kan zo a raunane da yamma, moto ya yi ta kuka ba ƙarfi. Gwada shi da janareta ko stabilaiza. In bai canja ba, a zare shi daga soket a buɗe murfin baya. Bel, wato robar da moto ke juya faifan wanki da ita, in ya saki ko ya tsinke a fili yake. In lafiyarsa lau, juya faifan ƙasan baho da hannu. Yana tafiya sakayau? To galibi kafasita ce ta mutu, ita ke ba moto turin farko. Kada a taɓa bakin wayoyinta, tana riƙe caji ko an cire wuta. A kai tsohuwar kafasitar Sabon Gari, a sayo mai lamba ɗaya da ita. In faifan ya cije, a kwance shi: fil ɗin mayafi, zare da yashin ruwan rijiya can suke taruwa.

In kin ji ƙauri kuwa, galibi moto ne ya ƙone. Ana sake naɗa kwayil, wato wayoyin cikin moto, amma in robar ƙasan bahon matsa tana yoyo a kansa zai sake ƙonewa, sai a canja robar ita ma.

Kafasita da bel, gyara kawai. In moto biyun, na wanki da na matsa, sun tafi, ko baho ya tsage, ko kuɗin gyara ya haura rabin na sabo, sayi sabo.